Gayyar Hangara

Markar bana ta zo da hangara. Ba a gona na gan ta ba, don 'yar gonar da nake taɓawa yanzu a bayan Karaye masara ce zalla, kuma feshi ake yi mata tun kafin ƙwaro ya yi niyyar zuwa. A tsakar gida na ga aikinta, a wuyan matata Hajara. Tana shanya da safe wani abu ya sauka mata a wuya, ta kai masa mari yadda kowa zai yi, ta ci gaba da harkarta. Kafin la'asar wurin ya yi ja ya tashi bororo, sai ka ce an ɗiga mata tafasasshen mai.

'Yarmu Rabi, wadda ke aikin jinya, ta dawo ta tarar da uwarta riƙe da kwalbar man shanu. Ta karɓe.

"Umma, ban da mai. Mai yaɗa dafin yake yi."

Ta wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ta wanke mata hannun da ya yi marin har ƙarƙashin farce, ta ɗora tsumma mai sanyi. Ta ce kada a fasa, kada a sosa, kuma kada hannun ya je kusa da ido. Kwana biyar wurin ya bushe. Ina zaune a kan tabarma ina kallonsu. Hajara ce kawai ta ɗago ta dube ni lokacin da aka ambaci ido.

Shekara arba'in da 'yan kai ke nan da faruwar abin da ta tuna. Ina da shekara ashirin da shida, a ƙauyenmu can gaba da Ruwan Bago, kuma ni ke riƙe da gandun gidanmu. Baba bai taɓa zama manomi ba. Alaramma ne, fartanya ba ta san tafinsa ba, hannunsa laushi kamar na jariri. Idonsa na hagu agana ta tafi da shi tun yana yaro, da na daman yake komai. Mutane kan ce mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Shi yakan ce bai jira ganin makaho ba, kullum safiya yake tasa godiyar. Da wannan idon ya rubuta Alƙur'ani biyu da ka, a shekarar yana kan na uku, saura izu tara. Biyun farko sun tafi hannun mutane. Wannan ya ce na gida ne, shi zai bar mana. Daga hantsi zuwa azahar yake rubutu a bakin zaure inda haske ya fi kyau, baƙar tawada a gabansa, ja ta wasali a gefe, kuma ko gobara ake yi ba a kiransa a wannan lokacin.

Daminar da ta gabaci wannan shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta tsaya da ciki ba ta fid da kai ba. Tun bazara muka ga gindin rumbu. Inna ta bar auna hatsi da ƙwarya ta koma ƙoƙo, daga baya ta koma tafin hannu. Da safe kunun kanwa tsararo, wanda kana iya hango fuskarka a ciki. Da rana kwaɗon tafasa ko na rama, da ɗan ƙuli-ƙuli in an dace. Da magariba tuwo malmala ɗaya ce ke zagaya gidan. Dusar da muke ba awaki muka koma tankaɗe ta sau biyu, awakin suna kallonmu. Hajara tana goyon fari a lokacin, Inna kan tura mata nata rabon ta ce ita ta ƙoshi da goro, alhali rabon gidan da goro tun kafin ruwan shuka.

Amma sabuwar daminar ta yi kyau. Ruwa ya sauka a kan kari, ƙasa ta yi ƙamshi, shuka ta fito ba gurbi. Na yi noman firi na yi maimai da cikin da ba komai. In na daɗe a sunkuye na ɗago, sai in ga gonar tana juyawa, in dafa ƙotar fartanya har ta tsaya. Ba wanda ya yi ƙorafi, don kowa idonsa na kan gero. Shi ke fara isa. In ya fid da kai ya yi bununi, ƙurar nan mai ruwan ɗorawa da ke fitowa a jikin zangarniya, to bayan mako uku za a gasa tumu, yunwa ta kama gabanta.

A gona mun san maƙiyanmu. Cinnaka na nan a gindin kowace kunya, kuma shi dai bai san na gida ba. In ya harbe ka a tsakanin yatsun ƙafa sai ka yar da fartanya ka yi rawar da ba a kiɗa maka ba, ka shafa ɗanyar laka ko toka da kanwa, kafin ka kai ƙarshen kunya ya lafa. Kwarkwasa in ta yi layi ta nufo gida da marka, a zuba mata toka mai zafi a bakin ƙofa, a kwance awaki kada ta cinye su a turke. Duk waɗannan suna da kirki guda: nan take suke sanar da kai sun taɓa ka. Hangara ba ta haka. Sai ka yi rabin yini kafin ka san ta ziyarce ka.

Mun san tana ƙuna. Abin da muke cewa shi ne fitsari take yi wa mutum, kuma a saninmu sai mai rai ke fitsari, wadda aka murƙushe ta gama yawo. Babu wanda ya taɓa gaya mana cewa dafin a cikin ruwan jikinta yake, in ka murƙushe ta duka ka matso shi.

Wata safiya, bayan kwana uku ana yayyafi, na shiga gona na tarar da su. Dogaye ne masu laushin fiffike, wasu ruwan toka, wasu baƙaƙe da ratsin ja. Kowane kan gero da biyar ko shida a kansa, sun kafa kai suna cin bununi da 'ya'yan da ba su gama ɗaukar madara ba. Gonar ta ɗauki wani wari irin na ɗakin da ɓera ya daɗe a ciki. In ka yi shiru kana jin tauna. Kan da suka gama da shi fanko yake zama, ko tsuntsu ba ya sauka a kai.

Muka gwada hayaƙi, ɗanyen ganye da kashin shanu a kusurwoyin gona, yayyafi ya kashe wutar. Maganin feshi a rediyo kawai muke jin labarinsa. Wani ya ce a wasu garuruwa kakkaɓe su ake yi cikin ƙwarya mai kananzir, mu kuwa ko na fitila babu. Nan ne na kawo dabarata, kuma ni kaɗai na kawo ta. Na lura da sassafe raɓa na jiƙa musu fiffike, ba sa iya tashi. Na ce a yi gayya, maza su taru tun da asuba, kowa ya kama kunya, ya shafo kan gero da hannu ya murƙushe abin da ya taru a tafinsa. Yau gonar wannan, gobe ta wancan, a fara da tamu tunda ita ta fara bununi.

Kawu Ɗanjuma, ƙanin Inna, ya ce, "To fitsarin fa, Habu?"

"Kawu, dubi hannunka mana. Wannan kantar ko garwashi ka ɗauka sai ya yi sallama kafin ya shiga."

Aka yi dariya, aka tsayar da gobe.

Saura abu ɗaya. Gayya ba a yin ta da baki busasshe. Mai gona ke kawo fura da tuwo, ya raba goro, in ba haka ba a yi shekara ana ba da labarinsa. Mu ba mu da ko ɗaya. Na je na durƙusa a bakin zaure.

"Baba, gobe mutane za su shiga gonarmu, kuma ba mu da abin da za mu sa musu a baki."

Bai ɗago ba. "To?"

"Na ce ko za ka fito ka sa musu albarka. Ita ma abinci ce."

"Da hantsi?"

"Da hantsi za su gama."

Ya hura tawadar layin da ya rubuta har ta bushe. "Shafi ɗaya ba zai gudu ba. Allah ya kai mu."

Mu ashirin da uku muka shiga gonar bayan sallar asuba, raɓa har cinya. Aikin ya fi yadda na zata sauƙi. Ka kama zangarniya daga ƙasa, ka shafo sama, ka haɗa tafi biyu ka murza, ka yarfar, ka wuce ta gaba. Kafin rana ta fito hannun kowa ya yi rawaya yana danƙo, kamar mun wuni muna matsar manja. Ba wanda ya ji komai, kanta ta yi aikinta yadda na faɗa. Ruwan da ke wajen tulu ɗaya ne, na sha ne, ba wanda zai ɓata shi a wanke hannu. A ciyawa muke gogewa, ko a wando. Da hantsi muka fito ta ɗaya gefen, rana ta keto tsakanin gajimare, irin zafin nan na damina mai sa riga ta manne a baya.

Baba ya zo da farar rigarsa, ya tsaya a ƙarƙashin ɗorawar bakin gona. Ya dubi mutane ya ce, "Bayin Allah, fura ta gagare mu, goro ya gagare mu. Abin da nake da shi hannu ne. Ku matso."

A ƙauyenmu ba kowa ke samun hannun Alaramma ba. Daga nesa ake durƙusawa a gaishe shi. Don haka mutane suka yi layi, kowa ya kama hannunsa da hannu biyu ya riƙe, ya daɗe yana murzawa don albarkar ta shiga sosai. Wasu suka zagaya suka sake shiga layi, ina ganinsu. Baba bai taɓa ƙwaro ko ɗaya ba ranar, amma abin da ke hannun mutum ashirin da biyu ya taru a nasa. Ni kaɗai ban ba shi hannu ba, ɗa ba ya musabaha da ubansa.

Sannan ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, aka yi fatiha, kowa ya shafa a fuska. Shi kuma yana da wata al'ada tun ina yaro: in ya gama addu'a sai ya tofa a kan yatsunsa ya shafi idonsa mai gani sau uku, yana nema masa tsari. A gabana ya yi. Na tuna daɗin da na ji a wajen. Ban taɓa jin na iya shirya abu kamar ranar ba.

Da alwalarsa ta safe ya koma zaure, don haka ko da azahar ruwa bai taɓa fuskarsa ba. Ya ce wa Inna idon na masa yaji-yaji kamar hayaƙi ya shiga, yana ta murzawa da bayan hannu. Rubutu bai yiwu ba.

Da la'asar garin ya fara fitowa da fuskoki. Ni goshi da kumatu suka tashi. Kawu Ɗanjuma bororo ɗaya ya zauna masa a kan hanci kamar ƙwan zabo. Hajara ta dube ni ta ce, "Kashe ƙwari kuka je, ko leƙa tukunyar ƙosai?" A masallaci kowa lallaɓa goshi yake kafin ya kai ƙasa. Wasu suka ce raɓar ce ke da dafi, wasu suka ce ƙwarin a iska suka yi fitsarin. Ba wanda ya zargi hannu, tunda hannun kowa lafiya lau.

Ban da na Baba. Tafinsa biyu sun ɗuri ruwa har tsakanin yatsu, fatar idon ta kumbura ta rufe, hawaye na bin gemu. A zaurenmu ba a yi dariya ba. Inna ta yi abin da ta sani. Ta shafa man shanu, irin yadda ake yi wa ƙunar wuta. Ta buɗe idon da yatsa ta zizara kwalli, don kwalli maganin ido ne tun kaka da kakanni. Washegari ta sa Hajara ta tatsi nono a ludayi aka ɗiga. Na ce mu tafi Rogo.

"Ƙaiƙayi ne," in ji Baba. "Zai wuce."

Ko da ya yarda, sama ba ta yarda ba. Ruwa ya tsinke kwana biyu ba ɗaukewa, katangar bayan gida ta zauna, itace ya jiƙe har Inna ta koma ƙona karan danga. Rafin da ke tsakaninmu da hanya ya cika ya haye gaɓa. A rana ta uku abin da ke fita daga idon ya daina zama hawaye, ya yi kauri. Inna ta buɗe masa fatar da hantsi, rana tsaye a bakin zaure, ta ce me ya gani. Ya ce, "Hazo." Ban ƙara neman izini ba, na je na ari keke.

Rafin ya ja baya zuwa ƙirji. Na fara hayewa da keken a ka, na dawo na goya Baba. Nauyinsa bai kai damin gero ba. Ban san yunwar ta ci shi haka ba, rigar ce ke ɓoyewa. Ya ɗora hannayensa a kafaɗata a buɗe don kada bororon ya fashe, yana karatu ƙasa-ƙasa a bayan kunnena har muka taka tudu.

A ɗakin shan magani na Rogo wani dattijon malamin asibiti muka tarar. Ya dubi fuskata, ya dubi hannun Baba, ya ce, "Hangara. Malam ya murƙushe ta ne?"

"Ko kusa da ita bai je ba," na ce. "Mu muka yi aikin. Shi addu'a kawai ya yi."

"Ya taɓa wanda ya taɓa ta?"

Baba ne ya amsa. "Na gaisa da jama'a."

Malamin ya kwantar da shi, ya kawo ruwan gishiri da aka tafasa ya huce, ya yi ta zubawa a idon yana fitar da kwalli da mai, ya daɗe har ƙafata ta gaji da tsayuwa. Ya matsa wani magani a ciki, ya rufe da auduga, ya wanke hannayen da sabulu ya naɗe. Da muka fito baranda ya ja ni gefe.

"Da a ranar kun wanke hannu da sabulu, ko kun zuba wa idon ruwa mai tsabta buta biyu uku, da yanzu yana gida yana aikinsa. Dafin ya ƙona fatar ƙwayar idon, man ya riƙe shi a ciki, ƙazanta ta bi baya. Ciwon zai warke in Allah ya so. Tabon ne ban san inda zai zauna ba."

Kwana tara muka yi a gidan wani tsohon ɗalibin Baba, kullum safe ina kai shi a wanke a sa magani. Ranar da aka cire audugar kumburin ya saɓe, amma ga wata farar hakiya a tsakiyar baƙin idon, girmanta bai wuce ƙwayar gero ba. Yana ganin hanya. Yana gane mutum in ya matso.

Muka dawo muka tarar gero ya tsira. An ci gaba da gayyar a bayanmu, Kawu ya sa ana zuwa da toka da ruwa a wanke hannu tun kafin ya san dalili, shi dai hancinsa ya koya masa tsoro. Gida na ƙamshin tumu. Labarin abin da malamin asibiti ya faɗa ya riga mu isowa, don haka da maza suka zo dubiya sai suka zube can bakin ƙofar zaure, kowa ya cusa hannunsa a hammata. Baba ya miƙa nasa, fatar sabuwa ce ja-ja, ya bar shi a miƙe. Ba wanda ya motsa.

"Ɗanjuma," ya ce, "hannun nan zai gaji."

Kawu ya rarrafo ya kama, yana kuka kamar ba shi ke da jikoki ba.

Baba bai nemi takarda ba sai da aka fara girbi. Wata safiya da hantsi ina shirin komawa gona ɗaurin dami, ya sa Inna ta fito da kayan rubutu. Ya zauna inda ya saba, ya fere alƙalami da lalube, ya kai takardar kusa da hancinsa, ya karkata kai yana neman gefen da hakiyar ba ta rufe ba. Ya rubuta layi ɗaya, ya sa masa wasali da ja, ya hura. Sannan ya miƙo mini.

"Duba layin nan. Ya miƙe?"

Ya fara daidai. Daga tsakiya ya hau sama, ya bi ta kan layin da ya rubuta ranar jajiberin gayya, baƙi a kan baƙi. Jan wasalin ya zuba a fili inda babu harafi.

"Ya miƙe, Baba."

"To karanta."

Na san wurin, shi ya biya mini da bulala tun ina ɗan shekara goma. Na karanta ayar tas.

"Wannan na kanka ne," ya ce. "Na takardar na ce."

Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta wannan safiyar ba, kuma har yau ba ta gama sakina ba.

"Ba a yi wa littafin Allah ƙarya don a faranta wa tsoho," ya ce, ba da faɗa ba. Ya karɓi takardar ya ajiye ta gefe.

"Baba, ni na fito da kai ranar."

"Geron ya tsira?"

"Ya tsira."

"Mai goyon nan ta ci ta ƙoshi?"

"Ta ƙoshi."

"To tashi ka je ka ɗaure sauran damin. Ina jin ƙamshin hadari."

Na tashi na tafi, don hadarin da gaske ne, gabas ta yi baƙi. Dami goma sha ɗaya na ɗaure kafin ɗigon farko. Da na dawo ya riga ya haɗa takardun, izu hamsin da ɗaya, ya sa a gafaka ya ɗaure bakinta. Inna na tsugune a bakin rariya tana wanke kurtun tawada.